Taubashina da Giɓin Kwana Biyar

A kamfanin wankin da muke aiki ba mai kiran taubashina da sunansa na yanka. Ƙarfe Bakwai ake ce masa, har masu ƙasar da ba su san ma'anar abin da suke faɗa ba sun haddace. Ya samo sunan ne don shekara goma sha huɗu yana buga katin shiga aiki ƙarfe bakwai daidai, ko ana ruwa ko ana iska. Ni kuwa bawana nake ce masa. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, ni 'yar namiji shi ɗan mace, kuma ban ga dalilin da zai sa barin gida ya 'yanta shi ba. Ya girme ni da shekara tara. In na faɗa sai ya ce, "Uwar ɗakina, a dai rage baki," ya ci gaba da abin da yake yi.

Da fushi zan ba da labarinsa, gara in faɗa tun yanzu. Kuma kashi ɗaya na fushin da kaina nake yi.

Zannuwan gado na otal-otal da asibitoci muke wankewa. Da safe motoci su sauke su a manyan kwanduna masu taya, da yamma su kwashe su a ninke. Shi yana kan injin guga, wani dogon abu mai ganguna masu zafi, a cusa masa zani ta nan ya fito ta can a miƙe. Mutum biyu ke kama gefen zanin su ja shi ya daidaita kafin injin ya haɗiye. Duk wanda aka haɗa da Ƙarfe Bakwai sai ya kai ƙara wajen manaja a makon farko, don in kusurwa ta karkace ko da faɗin yatsa ne, sai ya janyo zanin a sake. Gashin hannunsa ya daɗe da ƙonewa. Ni ina can ƙarshen layi wajen ninki. Da yake na fi sauran mutanenmu jin harshen ƙasar, ni ce akawun kowa. Wasiƙar ofis, takardar likita, saƙon mai gidan haya, duk ni ake kawo wa lokacin cin abincin rana, in karanta da cokali a hannu.

Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce 'yarsa. Tana shekara uku ya baro ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Girmanta duk a waya ya gani, ban da wata ɗaya da yake zuwa duk bayan shekara biyu, da zaman jinyar da zan zo kansa. Yarinya ce mai kai, tana son karatun haɗa magunguna, shi kuma ya rantse sai ya kawo ta ita da uwarta ta yi karatun a nan, ya riƙa dawowa daga aiki yana tarar da ita a kan littafi.

Dokar kawo iyali a ƙasar nan kuwa, duk lokacin da ya kusa cika sharaɗi ɗaya sai wani ya ɓullo. Da farko takardar zamansa ce ba ta da ƙarfi. Da ta yi ƙarfi aka ce albashinsa bai kai ba. Da albashi ya kai aka ce sai yana da gida mai ɗaki biyu, kuma sunansa ne a takardar haya. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ofishin haraji ya ba shi shaidar cewa shekara biyar a jere shi mazaunin ƙasar ne ta fuskar haraji, takarda ɗaya ga kowace shekara. Sannan kada yarinyar ta cika sha takwas kafin ranar da za a shigar da buƙatar. Lokacin da ya nemi takardun nan biyar, Uwata tana da sha bakwai da wata huɗu.

Sharaɗin harajin ko a jikinsa. "Haraji?" in ji shi. "Ai tun kafin in ga albashina su suke fara gani. In akwai ofishin da ya san ni a ƙasar nan, to shi ne."

Ya kama gida hawa na huɗu, ba lif. Kafin nan ɗaki ɗaya yake kwana da maza uku, gado kan gado. Ya ja ni shagon fenti wai in zaɓa masa launin da 'yan mata suke so, na zaɓa, ya ce bai yi ba, ya ɗauki wanda tun farko ya yi niyya. Ya sayi teburin karatu da fitila mai lanƙwasa wuya. Ni na ɗinka labule. Ran hutu sai ya kira yarinyar ya zagaya da waya ɗaki-ɗaki yana nuna mata, har famfon banɗaki sai da ya buɗe ta ga ruwa na zuwa.

Sai wasiƙa ta zo da takarda huɗu maimakon biyar. Ta bara waccan ce babu.

Bara waccan ita ce shekarar da Goggo, mahaifiyarsa, ta faɗi a bakin ƙofar ɗakinta, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Shi kaɗai ne namiji, 'yan uwansa mata biyu suna aure nesa, matarsa kuwa ba za ta iya ɗaga Goggo ita kaɗai ba. Bai tafi da ka ba. Ya je wajen manaja, aka ba shi hutun wata shida ba kaɗan, ba albashi, da takarda mai hatimi cewa aikinsa yana jiransa. Ya je ofishin baƙi, ni na raka shi, suka ce takardar zamansa ba za ta mutu ba. Ofis biyu muka tambaya, duka suka ce ya tafi. Ba wanda ya ce mana akwai ofis na uku da yake lissafin kwanan mutum.

Ya tafi ya yi jinya irin wadda maza da yawa ba sa yi. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, shi ke ba ta abinci da cokali, Uwata na riƙe da kwano. Matarsa ta gaya mini har zannuwan Goggo shi yake wankewa ya goge, in wani ya taɓa ya ce ba a iya ba. Saura kwana biyu jirginsa ya tashi Allah ya karɓi abarsa. Me ake so ya yi? Ya binne uwarsa yau, jibi ya rataya jaka ya bar gida cike da masu gaisuwa? Ya ɗaga tikitinsa da kwana goma sha biyu, ya zauna ya karɓi mutane, ya sallami kowa, sannan ya dawo. Washegarin dawowarsa ƙarfe bakwai yana gaban injin.

Na karanta masa wasiƙar a kan kwandon zannuwa. Ta ce wanda zai zama mazaunin ƙasa ta fuskar haraji sai ya yi kwana ɗari da tamanin da uku a cikinta a shekara. Hatiman fasfonsa sun nuna ɗari da saba'in da takwas. Kwana biyar ne babu. Amma, in ji wasiƙar, idan kwanaki ba su cika ba ofis yana iya duba wasu abubuwa, don haka ya zo ranar kaza da duk abin da zai nuna yanayin rayuwarsa a wannan shekarar.

"To ai da sauƙi," na ce masa. "So suke su san ko kai mutumin kirki ne ko yawon banza ka tafi. Bari mu nuna musu waye kai."

Ni na faɗi wannan da bakina, kuma ni na tsara duk abin da ya biyo baya. A wajenmu in aka kira mutum gaban manya, halinsa yake kaiwa. Ya nuna ya riƙe uwarsa, ya riƙe iyalinsa, ya gina gida, bai watsar da kowa ba. Da haka ake wanke kai. Muka yi mako guda muna tara shaida. Ya fito da wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado, cike da rasit na duk kuɗin da ya aika gida tun zuwansa, an ɗaure su da roba shekara-shekara. Muka wanke hotunan gidan da ya gina wa Goggo, tun daga tushe har rufi. Muka sa dattawan unguwarsu suka rubuto takarda cewa shi ne ginshiƙin gidan, ba a yanke shawara sai da shi, na fassara ta da hannuna har na ƙara mata gishiri. Muka haɗa da takardun asibiti. Ambulan ɗin da muka zuba takardun sai da ya ƙi rufuwa, sauran rasit muka tafi da su a gwangwaninsu.

Ranar muka ɗauki hutun rabin yini. Ya sa rigarsa mafi kyau, guga kamar za ta yanki hannu. Muka ciri lamba a bakin ƙofa, muka zauna a kujerun roba da aka ɗaure su da juna, muna kallon allo. Da lambarmu ta fito aka shigar da mu wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da tukunyar fure da ba ta taɓa ganin rana ba. Jami'ar yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, da tabarau, da ladabi. Har ruwa ta ba mu. Da ta yi mana tsawa da na fi samun wanda zan tsana.

Na ajiye ambulan a gabanta ina ji da kaina. Ta buɗe, ta ɗaga hoton gidan, ta ɗaga ƙullin rasit ɗaya, ta karanta takardar dattawa har ƙarshe. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kun tabbata kuna so in sa duk waɗannan a fayil? Abin da ya shiga ba ya fita."

Na ce, "Sa duka. Don wannan muka kawo su."

Ban ko fassara masa tambayar ba. Na ɗauka tausayin hannunta take ji, takardun sun yi yawa.

Ta fara tambaya, ina juyawa. A waccan shekarar ina yake zaune a nan? Ya faɗi titi da lamba. Sunansa ne a takardar haya? A'a, sunan wani ɗan garinsu ne da ya koma gida tun da daɗewa, an ci gaba da biya da sunansa, don in aka ce za a sauya mai gida zai ƙara kuɗi. To da ya tafi jinya, wurin kwanansa yana nan yana jiransa?

"Gaya mata na ba wani," in ji shi. "Wani bawan Allah ne ya zo sabo, a tashar jirgin ƙasa yake kwana. Gado yana nan ba kowa, in bar shi a rufe mutum yana kwana a waje?"

Ta rubuta. Ta ce, da ya dawo a tsakiyar watannin nan, zai iya shiga ya kwanta a gadonsa?

Ya yi dariya. "Haba! In tashi baƙo? Ko da na dawo ma ban tashe shi ba, mako uku na yi ina kwana a ƙasa har ya samu wuri."

Ina fassarawa ina ƙara masa armashi, ina kallon fuskarta in ga ta girgiza da irin wannan hali. Ita kuwa rubutu kawai take yi. Ta ɗauki hoton gidan ta ce wannan fa, na waye? Ya ce nasa ne, da sunansa. Akwai wurin da yake sauka a ciki, ko sai an gyara masa in ya zo?

Nan taubashina ya gyara zama. Ban taɓa ganinsa ya buɗe baki a ofis haka ba. Ya sa yatsa a kan wata taga a hoton.

"Ga ɗakina nan. Tun da aka gina gidan ba wanda ya taɓa kwana a ciki sai ni. Inna ce ta hana. Ko baƙi sun cika gida sai dai a yi musu shimfiɗa a zaure. Duk mako sai ta sa an buɗe an share an sake zanin gado, wai ko zan faɗo ba zato. Gaya mata, har ta bar duniya ba ta yarda an ajiye ko buhu a ɗakin nan ba."

Ya janye yatsansa daga hoton ya share ido. Ni ma na share ido, na fassara kalma-kalma ban rage komai ba. Jami'ar ta dakata da rubutu na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Matarsa da 'yarsa ina suke? Can. Yana da wani nasa a nan? Ya nuna ni ya ce, "Sai wannan mai bakin." Yana cikin wata ƙungiya a nan, ko yana da wata kadara? Babu. Albashinsa fa, me yake yi da shi? Ya tura mata gwangwanin biskit ɗin gaba ɗaya.

Muka fito muna murna. A bas ya ce mini, "Kin ga yadda ta tsaya da na yi maganar Inna? Ta gane." Na ce ai dole ta gane, ita ma uwa ce ta haife ta.

Bayan mako uku amsa ta zo, shafi biyu. Na karanta sau uku kafin in ɗago kai, yana tsaye a kaina da safar hannun aiki. Ofis ya duba, in ji takardar, ya ga cewa a waccan shekarar ba shi da wurin zama na dindindin da yake hannunsa a ƙasar nan, bisa ga abin da ya faɗa da bakinsa. Yana da shi a ƙasarsa, a shirye ko da yaushe, bisa ga abin da ya faɗa da bakinsa. Iyalinsa suna can, dukiyarsa tana can, mafi yawan abin da yake samu can yake tafiya, kuma dattawan unguwarsu sun shaida cewa can ne cibiyar rayuwarsa. Saboda haka shi ba mazaunin ƙasar nan ba ne a wannan shekarar. Jerin shekarunsa ya katse. Bara ita ce ta ɗaya, saura huɗu. A ƙasa kuma suka ƙara da cewa tun da ba mazauni ba ne, rangwamen da aka yi masa a harajin shekarar bai cancanta ba, za a cire shi daga albashinsa a hankali.

"Karanta mana," ya ce. "Me suka ce?"

Na gaya masa. Ya cire safar hannu ɗaya, ya sake sa ta, ya koma kan injin.

Washegari na ja shi wajen lauyan ƙungiyar ma'aikata, wani tsoho mai tari da ke zama ranar Laraba a wani ɗaki saman shagon sayar da tayoyi. Ya karanta amsar, ya nemi jerin abin da muka kai, na lissafa masa. Ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Wa ya ce ku kai waɗannan?"

Na ce ni ce.

Ya ce ofishin ba halin mutum yake aunawa ba. Tambaya ɗaya yake yi: tsakanin ƙasashen nan biyu, wacce ce ta fi riƙe da shi? Da takardar manaja kaɗai muka kai, wadda ta ce aikinsa yana jiransa, da shaidar cewa asusunsa na banki da layin wayarsa suna nan a buɗe, da takardar asibiti ɗaya, to da akwai abin da zai kama ya yi gardama, don kwana biyar ba yawa ba ne kuma ya sha cin irin wannan shari'ar. Amma mun ɗauki hujjojin ɗaya ɓangaren mun kai musu har tebur, a ɗaure da roba.

"Ba ta tambaye ku ko kun tabbata ba? Yawanci suna tambaya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ƙarfe Bakwai ya juyo ya dube ni, don ya tsinci kalmar tambaya. Na gaya masa gaskiya a gaban tsohon, cewa ta tambaya, ni na amsa ban juya masa ba. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na samu sauƙi. Sai ya ce, "Ko kin juya mini, cewa zan yi ta sa. Wanne zan ɓoye a ciki? Ɗakin da Inna take sharewa?"

Muka tambayi ɗaukaka ƙara. Lauyan ya ce ana iya yi, kuma zai yi, amma layin yana kai wata goma sha huɗu zuwa sha takwas. A lokacin saura wata shida Uwata ta cika sha takwas. Ba a karɓar buƙatar kawo iyali sai takardun nan biyar sun cika, kuma ba a ajiye wa kowa shekarun 'yarsa. Matarsa tana iya zuwa daga baya. Yarinyar kuwa daga ranar haihuwarta ta zama baliga, ba ta cikin lissafinsa.

A nan na fashe. Na ce wa tsohon, to a fahimtar da ni, ni jahila. Mutum ba mazauni ba ne, amma harajin watanni shidan da ya yi yana ƙona hannunsa a gaban injin an mayar masa? Ya ce a'a, wannan a nan aka samo shi, a nan ake biya. Na ce to wajen karɓa ɗan gari ne, wajen bayarwa baƙo? Ya ce ba haka doka ta faɗa ba. Na ce ban tambaye shi abin da ta faɗa ba, abin da ta yi nake magana. Masu kuɗin da ke kwana a kan zannuwan da muke gogewa suna da ma'aikata na musamman da ke lissafa musu kwanaki, su gaya musu ranar da za su fita da ranar da za su shigo don kada wata ƙasa ta taɓa musu ko sisi. Su dokar nan wasa suke yi da ita. Shi kuwa da yake roƙo a lissafa shi cikin masu biya, shi aka rufe wa ƙofa, saboda ya tsaya ya binne uwarsa kuma ya ƙi tashin baƙo daga gado. Tsohon ya bar ni na gama, ya yi tarinsa, ya ce in sa hannu a nan a matsayin mai fassara.

Don a cika mana haushi, da muka je ofishin jakadancinmu neman wata takarda da lauyan ya buƙata, ma'aikacin ya duba fasfo ya ce, a'a, ashe Malam ya yi fiye da rabin shekara a gida, to ai a waccan shekarar namu ne, ya kamata a ce ya cike takardar harajinmu. Shekara goma sha huɗu ba su taɓa tambayar ko yana raye ba. Na ja hannun taubashina muka fita kafin in faɗi abin da zai sa a kira masu gadi.

Kwana tara ya yi bai gaya wa gida ba. In yarinyar ta kira sai ya ce ana nan ana bin takardu. A wajen aiki ba ya magana da kowa. Abokin kamunsa na zani ya zo ya same ni a ɓoye ya ce lafiya kuwa, yau sau uku kusurwa na karkacewa Ƙarfe Bakwai yana kallo ya bar ta ta wuce. Na ce ya je ya yi aikinsa. A rana ta goma na tare shi lokacin abinci na ce, bawana, yau za ka faɗa, ko in faɗa. Ya ce, "Zo ki tsaya kusa."

Muka fita ƙofar baya inda motoci ke lodi. Rana tsaka, direbobi suna cin abinci a cikin motocinsu. Ya jingina da bango ya kira, ya buɗe muryar wayar don in ji. Yarinyar ce ta ɗauka, ta dawo daga makaranta ke nan.

"Uwata."

"Na'am, Baba. An ba ka?"

Ya faɗa mata, bai yi kwana-kwana ba. Ya faɗi kwana biyar, ya faɗi gadon, ya faɗi ɗakin, ya faɗi shekara huɗu. Sunana bai fito a ciki ba. Da ya gama ta jefo masa tambaya.

"Baba, da ka tafi ranar da tikitinka ya ce, da sun ba ka?"

"Da sun ba ni."

"Ranar nan ai kwana biyu da binne Kaka."

"Haka ne."

"To ai ba yadda za ka yi, Baba. Ni ma da ka tafi ranar da ban yafe maka ba." Ta faɗe shi da murya irin ta manya, tana lallashinsa, yarinyar da ya kamata a lallasa. Ya gyaɗa kai kamar tana ganinsa. Na ce a raina ta ɗauka da sauƙi, Allah ya yi mata albarka.

Sai muryar ta karye.

"Sai dai Baba, ban cike takardar jarrabawar shiga jami'a ta nan ba. An rufe tun watan jiya. Malaminmu sau uku yana kirana, na ce masa ba na buƙata, babana zai zo ya ɗauke ni. Na raba littattafaina. Na yi sallama da kowa. Gobe in na shiga aji me zan ce musu?"

Ya ɗaga wayar daga kusa da fuskarsa ya miƙo mini, ni da kullum nake da amsar kowa. Na karɓa na kai kunne. Tana ta cewa, "Baba? Baba, kana ji na?" Na tsaya a bakin ƙofar lodin ina jin numfashinta.